KARATUN INJINIYAN LANTARKI: WA ZAI RIƘE WUTAR KANO?

A kowace shekara, da zarar jami'o'i sun buɗe ƙofar ɗaukar sababbin ɗalibai, akan sami samari da 'yan mata masu yawa daga Jihar Kano waɗanda suke neman a ɗauke su a fannin injiniyan lantarki da na'urori. Iyaye suna murna da wannan zaɓi, domin sunan injiniya yana da daɗin ji a zaure, kuma kowa yana fatan ɗansa ya sami abin dogaro da kai. To, amma akwai tambayar da ya kamata hukuma da jami'o'i da su ɗaliban kansu su tsaya su yi wa kansu, watau shin wanda ya shafe shekara biyar yana wannan karatu yana fitowa da abin da jiharsa take bukata a hannunsa? Wannan tambaya ta ƙara nauyi ƙwarai tun daga shekarar 2023, lokacin da doka ta sauya matsayin jihohi game da sha'anin wutar lantarki.

A watan Maris na wannan shekara Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan gyaran tsarin mulki wanda ya ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta a cikin iyakokinsu, har a wuraren da babban layin ƙasa ya ratsa. A watan Yuni kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Lantarki. Cikin 2024 hukumar da ke kula da harkar lantarki ta tarayya ta fara miƙa wa jihohi irin su Enugu da Ekiti da Ondo ikon tsara kasuwar wutarsu da kansu. Abin da wannan yake nufi shi ne, tsohon uzurin nan na cewa maganar wuta ta Gwamnatin Tarayya ce ita kaɗai ya riga ya faɗi. Duk jihar da ta ɗauki wannan nauyi kuwa lalle ne ta tanadi mutanen da za su tsara layuka, su auna kaya, su duba aikin 'yan kwangila, su kuma san abin da ya faru idan inji ya tsaya. Irin waɗannan mutane daga jami'a da kwalejin fasaha suke fitowa.

Wanda yake shakkar muhimmancin maganar sai ya tuna da watan Oktoba na 2024. Ɓarayin ƙarfe da 'yan ta'adda sun lalata babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, sa'an nan layin da ya biyo ta wajen Makurdi, wanda aka koma dogaro da shi, ya sami matsala. Kano da yawancin jihohin Arewa suka zauna cikin duhu fiye da mako guda. A unguwa irin Tudun Murtala, wadda take maƙwabtaka da masana'antun Bompai da kuma Dakata, an san ma'anar wannan ba tare da wani dogon bayani ba. Mai walda yana zaune, mai injin markaɗe yana ƙona fetur har ribarsa ta ƙare, mai sayar da ƙanƙara ya rasa haja, rijiyar burtsatse ta tsaya, kuɗin jarkar ruwa ya tashi. Ɗalibin da ke shirin jarrabawa kuma sai ya koma karatu da fitilar waya, in ma ya sami inda zai yi mata caji.

Dalilin da ya sa layi ɗaya ko biyu suke iya jefa birni kamar Kano cikin wannan hali shi ne, kusan duk wutar da ake sha a nan daga nesa take zuwa. Madatsar Kainji wadda aka kammala a 1968 da ta Shiroro ta 1990 suna Jihar Neja, ta Jebba kuma ta 1985 tana kan kogin Kwara, yawancin tashoshin da ke aiki da iskar gas kuwa suna kudancin ƙasar nan. Wutar tana tafiyar ɗaruruwan kilomitoci a kan layi mai ƙarfin bolt 330,000 kafin ta iso babbar tashar Kumbotso. Daga nan ake rage ta zuwa 132,000 a tura ta tashoshi irin na Ɗan'agundi da Dakata, a sake rage ta zuwa 33,000, sa'an nan 11,000, har ta iso taransifomar unguwa wadda take mayar da ita wajen bolt 240 da ake amfani da shi a gida. A kowane ɗayan waɗannan matakai akwai na'urorin da sai mai ilmi ne zai iya saita su da kula da su.

Ba za a ce magabata ba su hango wannan bukata ba. A lokacin da aka haɗa tsohuwar hukumar lantarki ta ƙasa da hukumar madatsun Neja aka kafa NEPA a 1972, 'yan Arewa masu digirin injiniya kaɗan ne ainun, ko da yake Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta fara da sashen injiniya tun kafuwarta a 1962. Ganin haka ne ya sa Gwamnatin Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandare na kimiyya a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, shekarar da Jami'ar Bayero ta zama cikakkiyar jami'a. Waɗannan makarantu biyu sun yaye likitoci da injiniyoyi waɗanda jihar take alfahari da su har gobe. A 2001 kuma aka buɗe Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil, wadda a yau take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote. Ga kuma Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano tana horas da masu difloma. Saboda haka gurbin karatu akwai shi. Abin dubawa shi ne irin horon da ake bayarwa a ciki, da kuma inda ake kai waɗanda aka horas.

Yana da kyau ɗalibi ya san abin da zai shiga tun kafin ya cika takarda. Ana bukatar sakamako mai kyau a lissafi da fizis da kemistiri da Turanci, kuma waɗannan su ne darussan da zai rubuta a jarrabawar shiga jami'a. Shekarun farko kusan duk lissafi ne da zane da ka'idojin kimiyya, daga baya ne ake shiga sha'anin injunan samar da wuta da layukan rarraba ta, da ƙananan na'urori irin na cikin rediyo da wayar hannu, da fasahar sadarwa, da na'urorin da ke sarrafa injunan masana'anta, da kuma kwamfuta. Wanda ya shiga da zaton za a koya masa haɗa wayar gida ne kawai zai sha mamaki. Wanda kuma ya shiga yana tsoron lissafi, yana fatan ya tsallake da haddar takardun bara, zai fito da takarda a hannu amma ba zai iya tsayawa gaban inji ba.

Misali ɗaya ya isa ya nuna amfanin wannan lissafi. Me ya sa ake ɗaga ƙarfin wuta har zuwa bolt 330,000 kafin a tura ta nesa? Dalili shi ne, waya tana ɗaukar zafi gwargwadon yawan wutar da ke gudana a cikinta, kuma wannan zafi asara ce. Idan abin da ke gudana ya ninka sau biyu, asarar sau huɗu take ninkawa. Idan kuwa aka ɗaga ƙarfin turi sau goma, abin da ke gudana zai ragu sau goma, asara kuma ta ragu sau ɗari. Wannan ka'ida ita ce dai take aiki a lungun unguwa. Taransifoma tana da layuka uku, kuma an yi ta ne domin a raba mata kaya daidai wa daida. Idan jama'a suka yi ta canja layi, kowa ya koma kan wanda ya fi haske, sai layi ɗaya ya ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsa, ya yi zafi, man da ke sanyaya ta ya lalace, ta ƙone. Daga nan sai masu unguwa su shiga bin gida gida ana karo-karo, a zauna makonni ana jira. Injiniyan da zai zo da na'urar awo lokaci lokaci ya daidaita kayan, ya duba mai, ya tabbatar da wayar da aka binne a ƙasa tana nan lafiya, ya fi wa unguwa amfani bisa ga sabuwar taransifomar da za ta sake ƙonewa bayan wata shida. Rigakafi dai ya fi magani.

To, a nan ne gizo yake saƙa. Irin wannan sani ba ya zaunawa a kan ɗalibi sai ya taɓa kaya da hannunsa, kuma kowa ya san halin da ɗakunan gwaji na jami'o'in gwamnati suke ciki. Na'ura ɗaya ce ɗalibai masu yawa za su kewaye, mutum biyu su taɓa, sauran su kwafi sakamako. Wani lokaci ma ɗakin gwajin lantarkin shi kansa ba shi da wuta. Ga kuma yajin aiki wanda yake yanke karatu a tsakiya: na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas. Darasin da aka gina shi hawa hawa, kamar yadda lissafin injiniya yake, ba ya jure irin wannan katsewa, domin kafin a dawo an manta da tushen da za a ɗora sabon gini a kai.

Domin cike wannan giɓi ne asusun horas da ma'aikata na tarayya, wanda aka kafa a 1971, ya ƙirƙiro shirin tura ɗalibai masana'antu tun cikin shekarun 1970, inda ɗalibin injiniya yake shafe wata shida a shekararsa ta huɗu yana koyon aiki. A zamanin da masaƙu da majemu da kamfanonin sarrafa gyaɗa suke aiki dare da rana a Bompai da Sharaɗa da Challawa, ɗalibi ba ya rasa inda zai je. Yau da yawa daga cikin waɗannan masana'antu sun rufe, kuma rashin tsayayyiyar wuta yana cikin manyan dalilan rufewarsu. Sai abin ya zama ciwo mai cin kansa: rashin wuta ya kashe masana'anta, mutuwar masana'anta ta hana a horas da wanda zai gyara wuta. Sau da yawa ɗalibi yakan ƙare a wani ofis yana jigilar fayil, a ƙarshen wata shida a sa masa hannu a littafi, a buga hatimi, kowa ya kama gabansa.

A ɗaya gefen kuma ga dubban matasa a kasuwar waya ta Farm Centre da titin Beirut da Sabon Gari, waɗanda tun zuwan wayar hannu a 2001 suka koyi gyara a gaban ubangida. Hannunsu ya faɗa, suna iya cire ƙwayar da ba ta kai ƙwayar gero ba su sa wata, suna haɗa farantan hasken rana da batura a gidajen mutane. Sai dai yawancinsu ba su san dalilin da ya sa abin yake aiki ba, shi ya sa akan ga siririyar waya a inda ake bukatar mai kauri, ko baturin da ya mutu tun bai shekara ba. Mai digiri ya san dalili amma hannunsa bai saba ba, mai gyara hannunsa ya saba amma bai san dalili ba, kuma kowannensu yana yi wa ɗan'uwansa kallon raini. Alhali kuwa hukumar COREN, wadda dokar 1970 ta ɗora wa nauyin rajistar masu aikin injiniya, ta san da rukuni huɗu ne: injiniya, da masanin fasaha mai babbar difloma, da mai ƙaramar difloma, da kuma mai sana'ar hannu. Aiki ba ya tafiya sai da dukansu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin farin ciki shi ne, Kano tana da wuraren da za su iya zama ajin koyon aiki in an ga dama. A watan Satumba na 2019 aka buɗe tashar hasken rana mai ƙarfin megawat 7.1 a Jami'ar Bayero. A watan Janairu na 2023 aka buɗe wata mai megawat 10 a yankin Kumbotso kusa da masana'antun Challawa. Ga aikin samar da wuta daga madatsun Tiga da Challawa wanda gwamnatin jiha ta ɗauko. Ga tashoshin Kumbotso da Ɗan'agundi da Dakata. Ga kamfanin KEDCO wanda tun 2013 yake rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, mai layuka da taransifomomi birjik. Ga asibitoci cike da na'urorin hoto da na gwaji, ga gidajen rediyo da talabijin, ga hukumar ruwa da manyan famfunanta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana bukatar mai kula da shi, kuma kowane ɗaya zai iya ɗaukar ɗalibai.

Bisa ga haka, abu na farko da ya kamata Gwamnatin Jiha ta yi shi ne ta sa sharaɗi a cikin kowace kwangilar lantarki da za ta bayar, cewa lalle ɗan kwangila ya ɗauki adadin ɗalibai da sababbin injiniyoyi 'yan jiha tun daga ranar da aka fara haƙa har ranar da aka miƙa aiki, kuma ya bar zanen aikin da littattafan kula da injuna a hannun ma'aikatar da abin ya shafa. Wannan nauyi yana wuyan manyan sakatarori da daraktocin da suke tsara takardun kwangila. An sha ganin injin da aka sayo da kuɗi masu yawa ya tsaya saboda wata 'yar na'ura, a rufe shi da tampol ana jiran gwani daga ƙasar waje, har ƙura ta cinye shi. Kuɗin jirgi da masaukin wannan gwani sau ɗaya zai iya horas da 'yan gida da dama.

Na biyu, a daina ɗaukar injiniya aiki sa'an nan a ajiye shi a kan tebur yana rubuta wasiƙu. Ma'aikatun ayyuka da na ruwa da na lafiya da ƙananan hukumomi su ba shi kayan awo da abin hawa, su kuma bar shawararsa ta yi tasiri a wajen sayen kaya. Ma'aikacin da ya ga an yi watsi da ra'ayinsa sau uku, a na huɗu shiru zai yi, ko kuma ya tattara takardunsa ya tafi inda ake daraja shi. Jihar da ta kashe kuɗi ta yaye yaro tun daga Dawakin Tofa, sa'an nan ta bar shi ya tafi yana gyara wutar wata ƙasa, ta yi noma ne wani ya girbe.

Na uku ya shafi jami'o'i. Kuɗin da asusun TETFund yake bayarwa bai kamata ya ƙare a dogayen gine-gine ba, alhali ɗakin gwaji yana fama da tsofaffin kaya. A sayi na'urori, a kuma ɗauki ma'aikatan da za su kula da su, a biya su yadda ya dace. Aikin da ɗalibi yake gabatarwa a shekarar ƙarshe kuma a ɗauko shi daga matsalolin gari. A tura ɗalibai huɗu ko biyar, tare da izinin kamfanin rarraba wuta da kulawar ma'aikatansa, su auna kayan da ke kan taransifomomin Tudun Murtala ko Gwagwarwa ko Gama na tsawon zango guda, su rubuta abin da suka gani da abin da ya kamata a yi. Wasu su tsara famfon hasken rana domin manoman rani na Kadawa da Kura. Wasu su shirya gajeren kwas na yamma ga masu gyara na kasuwa, su koya musu lissafin kauri da nauyin waya, su kuma su koyi riƙon kayan aiki a wurinsu. Irin wannan bincike ya fi kundin da za a jera a kanta ba mai sake buɗe shi. Akwai ma wani dalili na waje: a 2023 Nijeriya ta sami gurbin wucin gadi a yarjejeniyar Washington, wadda ƙasashe suke amincewa da digirin injiniya na junansu a ƙarƙashinta, kuma abin da masu wannan yarjejeniya suke dubawa shi ne abin da ɗalibi yake iya yi bayan ya gama.

Na huɗu, tushe yana sakandare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da bai sami malamin lissafi da na fizis na kirki ba a aji huɗu, da wuya jami'a ta iya miƙar da shi. Makarantun kimiyya na jiha sun yi suna ne saboda an zaɓi ɗalibai bisa cancanta, an kawo malamai ƙwararru, an cika ɗakunan gwaji da kaya. Lalle ne a tsare wannan gado, a kuma faɗaɗa shi ga 'yan mata, domin yawancin aikin injiniyan lantarki na yau aikin ƙwaƙwalwa ne da awo da tsarawa, babu abin da zai hana mace ta yi fice a cikinsa.

Su kuma ɗalibai su sani cewa takardar digiri mafarin tafiya ce, domin sai bayan wasu shekaru na aiki a ƙarƙashin gwani ne ake yi wa mutum rajistar cikakken injiniya. Wanda yake da hankali ba zai jira sai an tura shi ba. Zai yi amfani da hutunsa ya zauna a shagon mai naɗin mota ko mai haɗa hasken rana, ya cire girman kai, ya karɓi filaya da sukundireba, ya haɗa abin da ya gani da abin da aka rubuta masa a allo. Ya kuma riƙe amana, gama kuskuren injiniyan lantarki gobara ce ko rai. Wanda ya sa hannu a kan waya marar kyau saboda an ba shi na goro, alhakin duk abin da ya biyo baya yana kansa. Iyaye ma su taimaka, kada su ga ɗansu mai shirin zama injiniya da baƙin mai a riga su ce ya zubar da mutuncin gida.

Kano ta yi ƙarni da ƙarni tana rayuwa da sana'a da fatauci, kuma a wannan zamani babu sana'ar da ke tsayawa ba da wuta ba. Doka ta buɗe hanya tun 2023, rana kuma Allah ya hore ta a wannan yanki ba tare da awo ba. Ɗalibin da aka ɗauka bana sai bayan shekara biyar zai fito, sai kuma ya ƙara wasu kafin ya goge. Ba a fafe gora ranar tafiya. In ana son a wayi gari 'ya'yan Kano ne suke riƙe da wutar Kano, to, a cikin kasafin kuɗin bana da kwangilolin bana ya kamata a fara ganin alama. In kunne ya ji, jiki ya tsira.